Kamfanin Sallamar Ɓeraye

Ranar da Darakta ya sauke allon shagonsa karo na shida, sai da ya kira mutum biyu suka kama masa. Allon nan da farko katako ne falle ɗaya, da hannu guda ake ɗaga shi, amma shekara tara ana maka masa fenti a kan fenti har ya yi kauri kamar katifa. Ƙarƙashin kowane shafi akwai sana'a guda a kwance: kiwon zomo, sayar da ƙanƙara, wankin kafet, koyar da kwamfuta, sabulun ruwa, da hayar kujerun taro. In ka ce masa sana'o'in nan sun mutu, faɗa za ku yi. Shi a wurinsa ba su mutu ba, mutanen gari ne ba su waye sun kai gare su ba tukuna.

Sunan Darakta ma shi ya raɗa wa kansa. Ya buga shi a kati tun zamanin zomaye, unguwa ta karɓa don tsokana, shi kuma ya riƙe da gaske, har ya zama ba a san shi da wani suna ba.

Suka dire allon a gaban amininsa mai fenti, wanda rumfarsa ke tsallaken titi. Mai fenti ya dubi allo, ya dubi Darakta, ya ajiye burushi.

"Yau kuma wa za mu binne?"

"Kujeru sun tafi hutu," in ji Darakta. "Shafe. Ka rubuta da manyan baƙaƙe: Kamfanin Sallamar Ɓeraye. A ƙasa ka sa: Ba kisa, ba wari."

"Sallama? Ma'aikatanka ne?"

Darakta ya ja benci ya zauna, ya harɗe ƙafa, don dama tambayar yake jira. Ya ce duk masu maganin ɓera a garin nan jahilci ke damunsu. Su zuba guba, ɓera ya ci, ya hau silin ya mutu a inda hannu ba ya kaiwa, mai gida ya kwana goma yana toshe hanci. Shi kuwa inji ya ƙera. Hayaƙi zai busa musu, irin hayaƙin da babu ɓeran da zai shaƙa ya ƙara minti ɗaya a gidan. Su tattara nasu-ya-nasu su fita da ƙafarsu lafiya lau, ba gawa ba wari.

"To in sun fita, ina za su?" in ji mai fenti.

"Ni direbansu ne? Su je inda suka ga dama. Aikina ya ƙare a bakin ƙofa."

"Darakta, ɓera fa ba ya ɓacewa a iska. Dole ya sauka wani wuri."

"Kai dai matsalarka ke nan, ƙaramin tunani. Shi ya sa shekara ashirin kana rubuta sunan kamfanonin mutane, naka ko ɗaya babu. Shafe mu gani."

A gida maganar ba ta zo da sauƙi haka ba. Matar Darakta tela ce, kuma ɗinkinta ne ke riƙe da tukunyar gidan, ko da yake ba a faɗar haka in yana kusa. Kekenta na wani ɗan lungu tsakanin kicin da banɗaki, wurin da in ta ja yadi gwiwar hannunta ta dama sai ta bugi bango. Shekara tara tana bugu, har wurin ya lotsa ya yi baƙi yana sheƙi. Masu kawo ɗinki a tsaye suke gwaji, sai ɗaya ta fita ɗaya ke shiga. Ga kuma ɗakin gaba, mai ƙofa a bakin titi da babbar taga, Darakta ya riƙe makullinsa ya sa masa suna hedikwata.

Ta saurari bayanin injin har ƙarshe, zare a bakinta. Sannan ta cire zaren.

"Baban yara, na yi haƙurin zomo. Na yi haƙurin ƙanƙarar da ta narke ta bi ƙarƙashin gado. Sabulun ruwanka har yau hannuna bai gama saɓa ba. Wannan karon wata ɗaya na ba ka. In sana'ar ta tsaya da ƙafarta, Allah ya sa albarka, ni zan dinga share maka ofis. In ta bi 'yan'uwanta, ka miƙo min makullin ɗakin nan in shigar da kekena."

"Wata ɗaya? Maman yara, nan da wata ɗaya ai ɗakin nan ya yi min kaɗan. Ni da kaina zan bar miki shi in koma bene."

"To ka ga ba faɗa. Ko ta ina aka bi, ɗakin nawa ne."

Ya yi dariya, amma ba har zuci ba. Ɗakin nan shi ne Darakta. Da safe ya buɗe ƙofa, ya zauna bayan tebur, masu wucewa su ɗaga hannu su ce, "Darakta, an fito?" In aka karɓe makullin nan, sunan da zai rage masa shi ne mijin tela, kuma ya fi jin tsoron wannan suna fiye da kowace asara.

Injin dai ga yadda yake: babban gwangwanin fenti da aka huda, a cikinsa garwashi da busasshen barkono, a bayansa tsohuwar fankar tebur, a gabansa tiyon injin wanki. Kayan aiki kuma rigar ruwa ce rawaya, da baƙin gilashin walda da ya aro a wurin maƙwabcinsa makaniki. Gilashin nan ko da rana tsaka ka sa shi da kyar kake ganin hannunka, amma Darakta ya ce shi ke sa mutum ya san da ƙwararre yake magana.

Gidajen layin huɗu ne a jere, manne da juna. Malama mai ritaya ce a farko, sai makaniki, sai mai burodi, sai gidan Darakta a ƙarshe. Rufin kwano ɗaya ne ya lulluɓe su duka, kuma magina ba su kai bangon tsakani har sama ba, saboda haka saman silin fili ne guda tun daga wancan kai har wannan. Kowa ya san haka, domin in mai burodi ya yi atishawa Malama na yi masa sannu daga ɗakinta. Darakta ma ya sani. Haɗa wannan sani da sana'arsa ne bai taɓa zo masa a rai ba.

Malama ce ta fara kira, don ɓeraye sun kama cin littattafanta, kuma daga shafin ƙarshe suke farawa. Ta tsaya da sandarta tana kallonsa yana kafa tsani a ƙarƙashin ƙofar silin.

"Ɗana, ka tabbata ka san abin da kake yi?"

"Malama, ki fita tsakar gida ki ƙirga ɗari. Kafin ki gama sun yi miki ban kwana."

Ya hau, ya jawo gwangwani, ya kunna fanka. Abin da ya manta shi ne, hayaƙin barkono ba ya tambayar wane ne ɓera wane ne Darakta. Malama ba ta kai sha biyar ba ta ji tari a sama kamar ana tayar da tsohuwar mota, sai atishawa, sai rarrafe, sai ɓurum! Ƙafa guda cikin takalmin roba ta ɓullo ta silin ɗin falo, tana lilo daidai saman hoton marigayi mijinta.

"Wannan ma yana cikin aikin?" ta ɗaga murya.

"Hanyar iska ce, Malama!" ya amsa cikin tari. "Dole a buɗe ta!"

Ya sauko idanu jajir, hanci na zuba, amma fa abin mamaki, aiki ya yi. An ji gudu a sama kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano, sannan tsit. Kwana biyu Malama ba ta ji ko motsi ba. Ta yafe ramin silin, ta shiga yabonsa a wurin duk wanda ya tsaya gaishe ta. Darakta ya fara tafiya hannuwa a baya.

A rana ta uku makaniki ya buga ƙofar hedikwata da sassafe, riƙe da wayar caja a gutsuttsure da hular da aka cinye rabinta.

"Darakta, ban san me ya faru ba. Shekara biyar ina da 'yan ɓerayena guda uku, mun san juna, ba sa taɓa min kaya. Shekaranjiya sai ga baƙi. Har taro suke yi a saman gadona."

"Lokacinsu ne," in ji Darakta yana shafa haɓa. "Annoba ce ke tafe. Allah ya taimake ku ina layin nan."

Mai fenti na tsallaken titi yana jin su. "Ka miƙa musu jarida!" ya ƙwala. "In sun iya karatu, na gidan Malama ne!"

Darakta ko waiwaye bai yi ba. Wannan karon ya ninka barkono, ya ɗaure hanci da tawul. Sai dai a duhun silin, da baƙin gilashi a ido, ya ɗora fankar a juye, hayaƙin duka ya dawo masa a fuska. Ya ja da baya da sauri, ya zauna a inda babu katako. Makaniki na ƙasa yana shan shayi sai ya ga silin ya fashe, mazaunan Darakta sun leƙo sun maƙale, ba su sauka ba, ba su koma ba. Sai da ya ajiye kofi ya sa kafaɗa ya tura su sama kamar mai ɗora taya. Amma da aka juya fanka daidai, aka sake jin tsakuwar nan a kwano, ta yi gaba.

Mai burodi bai jira kwana uku ba. Washegari ya zo fari fat da fulawa, idanu a kumbure, ya dire buhun da aka huda ta wuri ashirin a kan teburin Darakta.

"Kai, tun da ka fara sallamar nan nake lura. An sallame su daga gidan Malama, makaniki ya yi kuka. An sallame su daga gidan makaniki, ga ni. Kora kake yi ko rabo?"

"Maƙwabci, ka iya bakinka, kamfani kake zagi. Ɓeranka da na Malama ai ba iri ɗaya ba ne. Nata siriri ne, ɗan boko. Naka ƙato ne, ya ƙoshi da fulawa. Ni da na shiga cikinsu na fi ka sani."

"Da wannan gilashin ka gan su?"

"Ƙwararre da kunne yake gani."

Mai burodi ba don ya yarda ba, sai don ba shi da yadda zai yi, ya buɗe masa ƙofa. Darakta ya ce tunda abin ya zama na raini, yau za a ga aiki. Ya zuba barkono rabin buhu, ya ƙara da tsumma da ɓawon albasa. Hayaƙi ya turnuƙe baƙi ƙirin, ya dinga fita ta kowace kafar kwano. Mutanen titi suka ga gidan burodi na hayaƙi, wani ya yi ihun gobara, kafin ka ce kwabo an yi layi da bokitai. Darakta ya ji hayaniya ya ɗauka yabo ne, ya leƙo ta ƙofar silin don ya ɗaga wa jama'a hannu. Bokitin farko a fuska ya same shi. Na biyu ruwan wanke-wanke ne. Ya zame, ya rungumo falle guda na silin, suka sauko tare cikin kwaɓin burodi.

Ya miƙe, kwaɓi na zuba daga rigar ruwa, ya ɗaga yatsa ya kasa kunne. Sama tsit.

"Kun ji?" ya ce wa taron. "Shirun nan da kuke ji, ni na kawo shi."

Mai burodi ya dubi ramin silin ɗinsa. Da la'asar dai aka ji shi a sama yana buga ƙusa. Fallen kwano ya samo, ya toshe tsakanin silin ɗinsa da na Darakta, ya sauko ya wanke hannu.

Mai fenti ya ga abin na neman wuce wasa, ya tsallako da takarda da fensir. Ya zana akwati huɗu a jere, ya ja kibiya daga na farko zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, ya kai bakinta kan na huɗu ya tsaya.

"Aboki, don Allah dubi nan. Me ka gani?"

Darakta ya karɓa, ya nisanta takardar da ido, ya gyaɗa kai. "Ci gaba. Ka ga kibiya ba ta taɓa komawa baya ba. Bar min ita, zan manna a bango."

Ya kuwa manna.

Da hantsin washegari matar Darakta na ɗinki sai ta ga ƙura na zubowa a kan yadi. Ta ɗaga kai. Silin ɗin lungu na motsi sama da ƙasa kamar cikin mai barci.

"Baban yara, zo ka ji, baƙinka sun iso."

"Katako ne yake miƙewa saboda zafi."

"Katako mai wutsiya? Ga ta can ta leƙo."

"Maman yara, gidan mai kamfanin sallamar ɓeraye ɓera zai shiga? Ai ko sunana suka ji sai sun canza unguwa. Kada ki bari maganar nan ta fita, masu hassada na jira."

Ta tashi daga kan keken. Ta naɗe yadukan mutane, ta zuba a akwatin ƙarfe, ta kai gidan ƙanwarta, ta dawo ta ci gaba da harkarta.

Shi kuwa ya ji sarai, kunnen da ya ce da shi yake gani ba a toshe yake ba. Amma saura kwana huɗu wata ya cika, ga kuma babbar dama ta taso. Manajan wani katafaren sito na hatsi ya ji labarin shirun layin, ya aiko cewa zai zo ya ga injin da idonsa. In aka samu wannan aikin, makulli ya zauna a aljihu ke nan har abada. Sai Darakta ya yanke shawarar haɗa taro a hedikwata, ya raba wa maƙwabta takardar shaidar cewa gidajensu sun tsarkaka, manaja na kallo. Na sama kuma su yi masa haƙuri zuwa bayan taro.

Ranar taro ya fito da kujerun nan da suka tafi hutu, ya jera. Ya ƙure ƙarar rediyo don ta danne abin da ke gudana a sama. Malama ta zauna a gaba da sandarta, makaniki da sabuwar hula, mai burodi ya harɗe hannu a ƙirji, mai fenti ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Matar Darakta ta tsaya a waje, ta ce daga nan ma tana ji. Manaja ya iso cikin farar riga da takalmi mai sheƙi, aka ba shi kujerar tsakiya.

Darakta ya yi jawabi. Ya ce sau shida duniya ta kayar da shi, sau shida ya tashi ya kakkaɓe riga. Ya ce lokacin zomaye an yi masa dariya, lokacin ƙanƙara an yi masa dariya, akwai ranar da ya zauna a ɗakin nan tun safe har yamma ko mai tambayar hanya bai leƙo ba, amma washegari ya sake buɗe ƙofa. Wannan ɓangaren kam gaskiya ne, har Malama ta gyaɗa kai. Aka tafa. Wani ɗan baƙin abu ya faɗo daga sama cikin kofin makaniki, ya leƙa, ya ture kofin gefe.

"Bayani ya yi," in ji manaja yana duba agogo. "Amma ni aiki na zo gani. Ga ƙofar silin nan a saman kanka. Kunna mu gani."

Darakta ya ce, "Ranka ya daɗe, ai nan babu ɓera. Ɓarnar barkono ce kawai."

"To ai ya fi sauƙi. Hayaƙin kawai nake son gani."

"Darakta," in ji mai fenti a hankali, "gaban gidanka fa babu wani gida. Bango ne har sama."

"Bayansa ma na toshe," in ji mai burodi.

Da mai jin magana ne, da nan ya tsaya. Amma idon manaja na kansa, idon maƙwabta na kansa, ga matarsa a bakin ƙofa. Ya sa baƙin gilashi, ya hura garwashi, ya hau tebur, ya cusa tiyo ta ƙofar silin, ya kunna fanka.

Da farko ba a ji komai ba sai rediyo. Sannan tsakuwar nan ta taso. Ta yi gaba, ta ci karo da bango. Ta juyo baya, ta ci karo da kwanon mai burodi. Ta taru a tsakiya. Silin ya fara yin ciki, yana saukowa a hankali, ƙusoshi na zarewa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ma hanyar iska ce?" in ji Malama.

Ba a samu damar amsa mata ba. Silin ya yage daga kusurwa zuwa kusurwa, ɓerayen gida huɗu suka zubo gaba ɗaya, da ƙurarsu da tsummokaransu da guntayen littattafan Malama, duk suna atishawa. Malama da ta shekara uku tana cewa gwiwa ta hana ta hawa matakala, sai ga ta tsaye cir a kan kujera tana kai duka da sanda, rabin dukan a kan makaniki yake sauka. Mai burodi ya yi ƙofa, ya tarar mai fenti ya riga shi tsallaka titi. Manaja ya sandare a kujerarsa yana kiran sunan Allah, har sai da ya ji wani abu mai ɗumi na hawa ta cikin ƙafar wandonsa. Nan ya tashi ya yi wata irin rawa da ba a koyar da ita a ko'ina, ya fita ta taga, takalmi ɗaya a ƙafa.

Darakta na kan tebur, baƙin gilashi a ido, ba ya ganin komai. "Ku kwantar da hankalinku!" yake ta faɗa. "Fita suke yi! Ai sallamar ke nan!"

Fita kuwa suka yi. Suka bi ƙofa suka malala titi, a gaban duk jama'ar da ihu ya tara. Da yake maƙwabta sun bar ƙofofinsu a buɗe, don an ce taron minti goma ne, kowane ɓera ya kama hanyar gidansu. Makaniki ya rantse ya gane nasa guda uku, su ne a gaba suna nuna wa baƙi hanya.

Darakta ya diro ya biyo su a guje da tiyo a hannu. Tiyon ya maƙalo allon da ke saman ƙofa, allo ya faɗo ƙasa tim. Fentin shekara tara ya tsattsage ya ɓare falle-falle, tsofaffin sana'o'i suka leƙo gaba ɗaya: kunnen zomo a sama, rabin kwamfuta a gefe, ƙafar kujera a tsakiya, can ƙasa kuma "Ba kisa, ba wari" ko ƙwarzane bai yi ba. Titi ya ɗauki dariya, har masu babur suna tsayawa su tambayi abin da ya faru, a ba su labari, su ma su kama ciki.

Washegari da safe Darakta ya share hedikwata shi kaɗai. Bai buɗe ƙofar titi ba. Wannan karon abin ya shige shi, don faɗuwar baya duk a cikin unguwa aka yi ta, wannan kuwa har baƙon da ke wucewa ya gani. Ya kwashe takardun shaidar da ba a raba ba, ya ɓare zanen kibiya daga bango, ya cire makulli, ya je lungu ya ajiye a kan keken matarsa.

"Ga shi, alkawari ne. Na gaji, Maman yara. Wataƙila dai ni ba a yi ni don sana'a ba."

Ya tsaya jiran gori, don ya san ta tanadi na shekara tara. Ta dubi makullin, ta dubi kafaɗunsa da suka zube.

"Kama min keken," ta ce.

Suka ɗauko shi, suka kafa a gaban taga. Ta zauna, ta ja yadi, gwiwar hannunta ta tafi har ƙarshe ba ta bugi komai ba. Ta sake ja don ta tabbatar. Darakta na tsaye yana kallo, sai kunya ta kama shi irin wadda dariyar titi ba ta sa shi ba, don sai yau ya ga abin da hedikwatarsa ta ci a shekara tara.

Mai fenti ya kankare allon tas, ya rubuta "Tela", ya zana almakashi a gefe. Allon ya koma shafal, da hannu guda ya kawo shi. Da ya zo kafawa, matar ta ce ya dakata, ya juya shi. Bayan allon katako ne sumul, ko ɗigon fenti bai taɓa gani ba.

"Gaba nawa ne," ta ce. "Baya kuma na bar wa Darakta. Ba na son mutum ya zauna min a gida yana ajiyar zuciya kamar an yi rasuwa."

Darakta ya shafa katakon da tafin hannu. Ya ɗaga kai ya dubi wagegen ramin da ke saman ɗakin. Ya leƙa titi, ya dubi gidan mai burodi, ya dubi na makaniki, ya dubi na Malama. Mai fenti ya ga hannuwan nan sun fara komawa baya, ya ce, "Wayyo Allah, ya dawo."

"Gida huɗu," in ji Darakta a hankali, "a layi ɗaya, kowanne silin a fashe, kuma babu mai gyara. Kun ga kasuwa a kwance?"

"Kai fa ka fasa su," in ji mai fenti.

"To wa ya fi ni sanin inda suka fashe? Aboki, ɗauko burushi. Rubuta da manyan baƙaƙe: Kamfanin Gyaran Silin. A ƙasa ka sa..."

Mai fenti ya girgiza kai, ya tsoma burushi a gwangwani. Matar Darakta ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. Ta sa hannu cikin akwatin zare, ta lalubo ɗan guntun allin da take zana yadi da shi, ta miƙo.

"Da wannan za a rubuta," ta ce.